Kowa Na Son Likita Mace, To Ɗiyar Wa Za Ta Zama?

 Kun saba jina da labaran soyayya da na kishi, to yau kam ba da su na zo ba. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na yi ta haɗiye ta har ta kai ni maƙura, na ga in ban amayar da ita ba ciwo za ta zame mini. Wanda ya ji zafinta ya yi haƙuri, gaskiya ɗaci gare ta, amma ita ce magani.

Akwai wata maƙwabciyata a nan Minanata, ba zan kama sunanta ba, yarinya ce mai kunya da ladabi, cikinta na fari. Wani dare lokacin hunturu naƙuda ta zo mata da gardama. Aka yi ta jiƙe-jiƙe da tofe-tofe tun magariba har tsakar dare, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Da ƙyar muka shawo kan maigidan aka samo mota aka tafi asibiti, ina cikin masu rakiya. Nas ɗin da muka tarar ta duba ta, ta ce wannan ya fi ƙarfina, sai likita. Likitan da ke aiki a daren kuwa namiji ne. Nan fa Malam ya kafe, ya ce shi wallahi ƙato ba zai ga tsiraicin iyalinsa ba, a nemo masa likita mace ko ya kwashe matarsa. Aka ce masa babu mace a kusa. Surukarsa ta durƙusa tana kuka tana cewa, "Malam, ka dubi girman Allah, ɗiyata za ta mutu." Sai da aka kusa awa biyu ana wannan ja-in-ja kafin ya sa hannu. Allah ya tsallakar da uwar, amma ɗan bai zo da rai ba.

Na sani kwana in ya ƙare babu makawa, ba na jayayya da ƙaddara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan Malam ɗin dai, shi ne ya cire ƙanwarsa daga makaranta tana aji uku na sakandare, yarinyar da ita ke zuwa ta ɗaya a ajinsu, wadda tun tana ƙarama take cewa ita likita za ta zama. Ya ce boko lalata mata yake yi, aikin gwamnati kuwa na marasa kamun kai ne. To don Allah jama'a ku taya ni tambayarsa: likita macen da ya tsaya yana nema da ƙarfe biyun dare, daga sama za ta faɗo? Ɗiyar wa za ta zama? Ƙanwar wa? Matar wa? Kowa na son cin tuwo, amma babu mai son a taɓa rumbunsa.

Kada ku ce labarin gida ɗaya ne. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a jihar Sakkwato matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai 10 cikin 100 ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 kuma ta nuna cewa in mata huɗu suka mutu wajen haihuwa a faɗin duniya, to fiye da ɗaya 'yar Najeriya ce. Dalilai suna da yawa, akwai talauci, akwai nisa, akwai rashin kayan aiki. Amma ku da kanku kun san mata nawa aka hana zuwa awo don kawai maigida ya ce maza ne a wurin. Ga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga asibitin ƙwararru, ga asibitin mata da yara na Maryam Abacha, duk a cikin garin nan. Gini dai akwai shi. Sai dai gini ba ya karɓar haihuwa, hannu ke karɓa, hannun nan kuwa a gidajenmu ake rainonsa, a gidajenmu kuma ake karya shi tun bai yi ƙwari ba.

Zan yi wa iyayenmu maza adalci, laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Ko uba ya saki ɗiyarsa ta yi karatun, ko miji ya yarje wa matarsa, akwai wata katanga tana jiranta a bakin ofis. Ni na buga goshina da ita, shi ya sa nake faɗi. Bayan na gama sakandare na koyi buga kwamfuta na wata shida, sai na ji ana neman mai buga takardu a wata ma'aikata. Na kai takarduna, aka kira mu gwaji mu goma sha wani abu. Ba yabon kai ba, ni na riga kowa gamawa, mai duba aikin ma sai da ya ɗaga kai ya sake kallona. Da aka shiga da ni gaban manya uku, babu wanda ya tambaye ni komai game da aikin. Na farko ya ce, "Malama, kina da aure?" Na ce ina da shi. Na biyu ya ce, "To in kin haihu wa zai yi mana aikin?" Na uku, wani dattijo mai furfura, ya gyara hularsa ya ce, "Ɗiyata, wanga aiki wahala ce, ki koma ɗakinki ki huta, ki bar wa masu ciyar da iyali." Na fito ina haɗiyar hawaye, na hau kabu-kabu na dawo gida. Daga baya na ji wanda aka ɗauka, yaron da a wurin gwajin ni ya tambaya inda ake kunna na'urar. Ashe ɗan ƙanwar wani babba ne.

Ku lura da kyau, aikin da na nema bai wuce buga takarda ba, ba kujerar kowa na je ƙwata ba. Amma kafin in zauna an riga an yanke mini hukunci, ba don na kasa ba, don ni mace ce kuma ba ni da kowa a sama. Dattijon nan da ya ce in bar wa masu ciyar da iyali, bai san a lokacin maigidana yana kwance ba lafiya, da kuɗin ƙosai da na kitso muke cin abinci ba. Mata nawa ne a Mabera da Runjin Sambo da Arkilla da nan Minanata suke ciyar da gida ba a sani ba? Zawarawa nawa ke riƙe da marayu biyar, shida? In ciyar da iyali ne ma'auni, wallahi da yawa cikinmu mun fi cancanta da wasu masu rawani.

Yanzu a rediyo da wayoyin hannu za ku ji 'yan boko suna ta maganar a dama da kowa a wurin aiki, wato mace da namiji, mai lafiya da mai lalura, ɗan gari da baƙo, kowa a ba shi gurbinsa, a yi masa adalci, a kuma saurare shi. Wasu na jin haka sai su ce ai wannan aƙidar Turawa ce, har suna kafa hujja da cewa a Amurka ma a watan Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a rufe ofisoshin da ke wannan aiki a gwamnatin tarayyarsu. To sai me? Can ta matse musu. Mu ba a wurinsu muka aro adalci ba, balle in sun yar da shi mu ma mu yar. Mu da muke zaune a garin Shehu, wa zai koya mana cewa mace na iya riƙe aiki?

Ku tafi Hubbare ku yi ziyara, ku tambaya a nuna muku inda Nana Asma'u take kwance. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864. Ɗiyar Shehu Usmanu ce, matar Waziri Giɗaɗo, uwar 'ya'ya, kuma duk wannan bai hana ta yin rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa ba. Ita ta kafa 'Yan Taru, ta zaɓi mata dattijai ta naɗa su jajoji, ta ba su malfa alamar muƙami, suna zagaya ƙauyuka suna karantar da mata, suna jagorantar su zuwa wurinta. Wannan in ba aiki ba ne, mene ne sunansa? Mahaifinta kuwa a littafinsa Nurul Albab ya caccaki malaman da ke karantar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. In muka ƙara komawa baya, Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, 'yar kasuwa ce mai aika fatauci har Sham. Rufaida tanti gare ta a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, kuma a tantin nan aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, amma ladani ne, kuma sau da yawa shi ake bari ya riƙe Madina in an fita yaƙi. Ko a zamaninmu, Mai Shari'a Aisha Sani Dahiru ta daɗe tana Babbar Jojin jihar Sakkwato, Mai Shari'a Aloma Mukhtar kuma ta zama Babbar Jojin Najeriya a 2012, sama ba ta faɗo ba. Saboda haka wanda ke son tsare mace ko mai lalura a bakin ƙofa, ya fito fili ya ce son ransa ne, ya daina laɓewa a bayan addini.

Akwai masu cewa, to ai ƙofa a buɗe take, an ce kowa ya nema, wa ya hana ku? Ku matan aure kun fi kowa sanin amsar wannan. In Sallah ta zo maigida ya sayo shadda, ya ce don kada a ce ya yi son kai kowa yadi biyu, daga babban saurayin gida har jariri na goye, ya yi adalci? Saurayi bai samu riga ba, jariri ya nutse cikin tsumma. Daidai wa daida daban, adalci daban. Adalci shi ne a auna kowa a yanka masa abin da zai rufe shi. A ce wa gurgu ofis a buɗe yake, alhali ofishin yana bene hawa na uku kuma babu hanyar keke, wannan ba buɗe ƙofa ba ne, izgili ne. A ce wa mai jego ta zo aiki ƙarfe takwas ta tashi ƙarfe huɗu, babu inuwar da za ta shayar da ɗanta, babu ko bayan gida na mata a ma'aikatar, wannan kora ce da hali. A ɗauki mace aiki don a cika lissafi, amma ranar taro a ce ita ce mai raba lemo da rubuta sunaye, ana yanke shawara da daddare a majalisar shayi inda ba za ta iya zuwa ba, wannan kamar a gayyace ki biki ne a bar ki tsaye a zaure kina jin ƙamshin miya.

Abin takaici, dokokin suna nan a rubuce, bin su ne babu. Bari in lissafo muku kaɗan, don wadda ba ta san haƙƙinta ba ko an taka shi godiya za ta yi. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ba mai ciki hutun mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida tana aikin, sannan ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a yini. Ma'aikatan gwamnatin tarayya mako 16 ake ba su. Jihar Legas a 2014 da jihar Kaduna a 2019 sun mai da nasu wata shida. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu lalura wariya, wadda ta ce ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke da makaho za su iya shiga. Wa'adin nan ya cika tun Janairun 2024. Ku zagaya gari ku ƙirga benaye nawa aka gyara. Muna da makarantar Abdulrashid Adisa Raji a nan Sakkwato inda ake karantar da makafi da kurame da sauran masu lalura. In yaran nan sun gama, ina suke zuwa? In mun ƙi ba su kujera a ofis, bai kamata mu riƙa mamakin ganinsu a bakin titi da ƙoƙo ba. Mu muka miƙa musu ƙoƙon.

Akwai kuma tsarin raba daidai na tarayya, wanda ya shiga kundin mulki tun 1979, aka kafa masa hukuma a 1996, don kada wata jiha ko wata ƙabila ta cinye ayyukan gwamnati ita kaɗai. Mu 'yan Arewa mun fi kowa kare wannan tsari, domin mun san an riga mu shiga boko, in aka ce a yi tsere ba tare da la'akari da haka ba za a bar mu a baya. Madalla, ni ma ina goyon baya. Amma abin dariya, mutumin da zai tashi ya yi ta kumfar baki yana cewa a ware wa Sakkwato kasonta don an riga ta farawa, shi ne in aka ce a ware wa mata nasu don an riga su farawa, sai ya ce a'a, a bar cancanta ta yi aiki. Haba Malam! Hujjar da ka ci tuwo da ita, ita ce ta zama haram da ta zo kan ƙanwarka? Tsarin yana ƙirga jihohi, ba ya ƙirga mata. Ga kuma matsalar asali: yarinya 'yar Zamfara ko Kabi ta yi aure a Sakkwato, ta haifi 'ya'ya takwas, ta tsufa a nan. In ta nemi aiki a nan a ce ba 'yar jiha ba ce, in ta koma can a ce ai kin zama tasu. A 2012 har wata mai shari'a sai da aka jinkirta rantsar da ita a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda irin wannan gardama ta jihar haihuwa da jihar miji. In babbar alƙaliya ta sha wannan, ina ga 'yar talaka mai neman aikin malamar firamare?

Masu yin dokar ma ku duba su. Tun 2006 manufar ƙasa ta ce a ba mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai, har a watan Afrilun 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umurci gwamnati ta cika wannan alkawari. A watan Maris na wannan shekarar ta 2022 kuwa Majalisar Ƙasa ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata, mata suka yi ta zaman dirshan a bakin ƙofarta. A zaɓen 2023, cikin sanatoci 109 mata uku suka shiga, sai daga baya kotu ta ƙara ta huɗu. Majalisar dokokin jiharmu mai kujera 30, ba a zaɓi mace ko ɗaya ba. To wa zai tashi a can ya yi maganar ɗakin shayarwa, ko hutun jego, ko bayan gida na mata a sakatariya? Wanda bai taɓa goyo ba bai san nauyin zani ba. Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda daga Illela in ka tsallaka kana Ƙonni, tun shekarar 2000 suka yi dokar ware wa mata kaso a zaɓe da naɗe-naɗe. Su ma Hausawa ne da yawansu, su ma Musulmi ne. Kuma kada mu manta, matan Arewa ba su samu 'yancin jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya sun sha duka da ɗauri a kai. A lokacin ma an ce haramun ne, an ce fitsara ce. Yau ranar zaɓe layin wa ya fi tsawo a rana? Ƙuri'armu halal ce, kujera ce kawai ba ta halatta gare mu ba?

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Za su ce wurin aiki akwai 'yan iska, akwai ogan da ba zai sa hannu a fayil ɗin yarinya ba sai ta same shi a masauki. Wallahi akwai su, ba ƙarya ba ne, na san waɗanda suka ajiye aiki saboda haka suna kuka. Amma in kura ta shigo gari, akuya ake yankewa ko kurar ake kora? Me ya sa kullum hukuncin laifin namiji a kan mace yake faɗawa? A kori mai laifin, a tona masa asiri, a sa mata dattijai a kwamitin da yarinya za ta kai ƙara ba tare da tsoro ba. Kuma ku sani, ofishin da mace take ita kaɗai cikin maza ashirin ya fi haɗari da wanda suke su goma. Yawansu shi ne garkuwarsu. Za su ce aiki na raba mace da suturarta. A Disambar 2017 an hana wata ɗaliba, Firdausi Amasa, shiga wurin rantsar da lauyoyi a Abuja don ta ƙi cire hijabinta. Ba ta koma gida ta naɗe hannu ba, ta tsaya kai da fata, a Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabinta, ta buɗe wa na baya hanya. Kun ga damawa da kowa da ake zagi, ita ce ta kare hijabi a wannan rana. Za su ce tarbiyyar yara za ta lalace. Ni na ga 'ya'yan malamar makaranta masu ladabi kamar a sa su a aljihu, na kuma ga 'ya'yan wadda ba ta taɓa leƙa ƙofar gida ba suna yawo da wuƙa. Tarbiyya ba aikin uwa ba ne ita kaɗai, uban da ke majalisa har sha biyun dare shi ma za a tambaye shi gobe kiyama. Za su ce in aka ware kaso za a kwaso marasa ilimi. To yaron da aka ɗauka a madadina, kason mata ne ya kawo shi? Abin da ke kashe cancanta a ƙasar nan shi ne wa-ka-sani da takardar babban mutum, kuma wannan ba mu muka ƙirƙiro shi ba.

Ban ce kowace mace sai ta fita aikin ofis ba. Wadda ta zaɓi zaman ɗakinta, tana sana'arta ta ɗinki ko ƙuli-ƙuli ko fura, tana rainon 'ya'yanta, wallahi aiki take yi babba, kuma babu mai ikon raina ta. Ban kuma ce mace ta take umurnin mijinta ta fice ba, zaman aure shawara ne da fahimtar juna. Abin da nake cewa, wadda Allah ya ba basira kuma al'umma na bukatarta, kada a binne ta da rai.

Yanzu kuma na juyo kanmu, don ba zan yi tuya in manta da albasa ba. Mu mata, sau da yawa mu ne ƙayar da ke taka 'yan uwanmu. Wa ke zama a gidan suna ana cewa, "Ke rabu da wance, nas ce, kwanan asibiti take yi, Allah kaɗai ya san abin da ake yi can"? Mu ne. Wa ke hana ɗanta auren malamar asibiti, wai idonta ya buɗe da yawa? Uwa ce, mace. Wa ke zuga miji ya hana kishiya zuwa makaranta don kada ta fi ta? Mu ne. Sannan wadda ta samu shiga ta zama babba a ofis, maimakon ta miƙo hannu, sai ta janye tsani ta ce ita ma da wahala ta hau. Ranar da naƙuda ta tsaya mana kuwa, wannan nas ɗin da muka ci namanta, ita muke riƙe wa hannu muna cewa, "Anti, ki taimake ni." Mu ji tsoron Allah.

'Yar uwa budurwa, ki riƙe karatunki da hannu biyu, kada wani ya ruɗe ki da waya da kayan shafa ki yar da shi. In maganar aure ta taso, a yi batun makaranta da aiki a gaban waliyyai tun kafin a shafa fatiha, a samu shaidu, domin alkawarin zance a bakin zaure ba ya kai wata uku. Ke matar aure da aka cire tun kina ƙarama, ba a makara ba, akwai cibiyar ci gaban ilimin mata a cikin garin nan da aka buɗe don irinki, akwai azuzuwan yaƙi da jahilci, ki lallashi maigida da hikima. Ke mai aiki, ki je a kan lokaci, ki kama mutuncinki, ki san dokar da ta ba ki hutu, kuma duk takardar da kika sa wa hannu ki ajiye kwafinta, don in kika yi sakaci ba ke kaɗai za a zaga ba, da ke za a rufe wa goma ƙofa. Ke uwa, ɗanki gurgu ko kurma ko makaho ba kayan bara ba ne, ki kai shi makaranta. Ku kuma iyayenmu maza da masu riƙe da ofisoshi, in littafin nan ya faɗo hannunku, amanar da ke wuyanku ita ce ku ba mai iyawa, ko da siket ta zo ko da sanda, ko ɗan wane ne ko ɗan kowa.

Ƙanwar Malam da na ba ku labari tana nan, 'ya'yanta uku. Kwanan baya ta shigo wurina aron littafi, na ga tana karanta takardar maganin ɗanta tana yi wa maƙwabta bayanin yadda ake sha, awa nawa tsakani, da abin da ba a haɗa shi da shi. Na daɗe ina kallonta. Na ce a raina, ga likitar da ya tsaya yana nema da ƙarfe biyun dare, ashe a cikin gidansa take.

Allah ya ganar da mu, ya shirya mana zuri'a, ya ba mu shugabanni masu adalci. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure ku yafe mini, ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Wassalam.

Taku har kullum,
Minanata, Sakkwato.